Sunan da Ya Ɓace wa Baba

Asabar ce, ruwa ya ɗauke tun asuba,
muka bar Agege cikin motar haya mai tari,
Baba Sallau a gaba, jakar fatarsa a cinya.
Shekara talatin yana tallar saiwa da ɓawo
a gefen layin dogo,
bai taɓa ganin itacen Ikko a tsaye da ransa ba.

Gada ta cinye mana awa biyu.
Lekki ta tarbe mu da gilashi,
bene kan bene, kamar kwandunan tumatir a kasuwa,
sai ga wata 'yar ƙofa, fentinta ya koɗe,
bayanta duhu mai numfashi.
Na biya kuɗin shiga.
Baba ya ce, "Yanzu daji ma sai da tikiti?"

Morenike ce ta ja mu,
yarinya mai takalmin roba, littafi a hammata.
Ta san kowa a nan kamar mai unguwa:
wannan ba ta fure sai damina ta tsufa,
waccan saura bakwai, bara takwas ne,
ɗaya ta tafi da aka haƙa magudana a bayan katanga.

Hanyar katako ce a kan fadama,
tana kuka duk inda muka taka.
Ƙaguwa ta leƙo daga laka, ta fasa.
Wani biri ya ƙura wa hular Baba ido
kamar yana bin sa bashi.

Baba, mai gane marke daga nesa,
wanda ko a duhu zai shafa ɓawo
ya ce maɗaci ne, ya ce ƙirya ce,
yau ga shi yana ɗaga kai har hula ta zame,
bai san kowa ba, ba wanda ya san shi.

Can ya durƙusa.
Wata 'yar tsiro ce, ba ta kai gwiwa ba,
ganyenta kamar tafin jariri.
Ya miƙa hannu.
"Baba, ba a tsinka."
Hannun ya tsaya a iska,
ya koma aljihu a hankali kamar wanda aka kama.
Sai ya kai hanci, ya rufe ido.

"Kakata tana dafa irin wannan a Rano.
Tukunyar baƙa ce, bakinta a ɓare.
A bayan gari take fitowa, gindin dutse,
kafin garma ta zo, kafin gatari, kafin masu gawayi."

Morenike ta buɗe littafi, ta cire murfin biro da haƙori.
"Yaya kuke kiranta?"

Baba ya buɗe baki.
Ƙamshin ya zo, hayaƙin ya zo,
har tarin tsohuwar ya zo.
Sunan bai zo ba.
Muka jira. Ɗigon ruwa ya faɗo daga sama ya sami shafin.

Da yamma, a cunkoson gada,
masu tallar ruwa na ratsa motoci,
teku ta yi launin toka,
bai ce uffan ba tun daga ƙofa.
Sai da muka hango fitilun Oshodi ya juyo:
"Kin karɓi lambar yarinyar nan?
Ajiye ta da kyau.
In ya dawo mini, ko tsakar dare ne,
tashe ni za ki ji na yi,
mu kira ta."