Kunnen Goje

Bijimai bakwai na turke a bayan gida a Jega,
biyar da kuɗin banki, biyu da gadon Inna.
Harawa, dusa, kowa da jiƙon kanwa,
ba na taɓa tuwo sai na ji sun fara tuƙa.

Bara tsawa ta sauka a garken Nomau,
ta kwantar da uku a gindin gawo.
Na ga dattijo zaune a kan turmi
yana ƙirga igiyoyi, yana sake ƙirgawa.

Shi ya sa ran da Luba ta inshora ta yi sallama,
da takalmin roba da jakar takardu,
ban ce mata ba na nan ba.
Ta buɗe baki ta duba haƙora,
ta ɗauki hoto ta gaba da ta baya,
ta huda kunnen kowane ta maƙala lamba rawaya.
Goje ya koma ɗari huɗu da sha bakwai.
Na ce, sunansa Goje.
Ta ce, Baba, takardar ba ta da gurbin suna.

Yayana Arzika ya furzar da tukar goro:
Yanzu ajali ma sai an yanka masa rasit?
Kuɗin buhu huɗu na dusa
ka miƙa wa 'yan Birnin Kebbi su yi gadin mutuwa?
Na ce, ba mutuwa za su tare ba, Yaya,
karo-karo ne, kowa ya jefa nasa a ƙwarya,
wanda garkensa ya yi giɓi a cike masa.
Ya ce, to Allah ya sa kada ka kwashi wannan adashi.
Na ce amin, har cikin zuciya.

Sai ga marka, kwana uku ba ɗaukewa.
Gulbi ya tsallake gaɓa, ya biyo ta lambun albasa,
muka kwance su cikin dare muka nufi tudun makaranta.
Shida suka haye.
Goje ya zame a bakin kwalbati,
na ji ƙashin baya ya ce ƙas, kamar busasshen kara.

Takarda ta ce a kira likita kafin wuƙa.
Waya ta ce babu sabis.
Hantsi mahauci ya ce numfashin nan na gajarcewa,
in ka ƙara jinkiri mushe za ka ja zuwa daji.
Na tsaya, ruwa na zuba ta bakin malafa,
tawada ta wannan hannu, jini ta wancan.
Na dafa tozon da na yi wata biyar ina ginawa,
muka juya shi gabas.
Na ce, bisimilla, Hantsi.

Kunnen kaɗai na ɗauka,
na binne shi cikin gishiri a gwangwanin madara.
Ran na tara Luba ta iso a kwalekwale da likita,
suka karanta lamba,
suka duba hoton da ɗana ya ɗauka da hasken tocila,
suka yi ta rubutu har la'asar ta sakaliya.
An cire kuɗin nama,
an cire wani kaso da ban san da shi ba
sai da aka karanta mini ƙananan baƙaƙen sau biyu.
Saura ya faɗo waya wata Laraba,
ya rufe bakin banki, ya bar kuɗin ɗan maraƙi.

Arzika bai ce uffan ba.
Da yamma dai na jiyo shi a zaure
yana tambayar ɗana lambar yarinyar.

Maraƙin ja ne, bai san muryata ba tukuna,
na kafa masa nasa turke can gefe.
Tsohon turken yana nan da guntun igiya.
Har yau da asuba hannuna kan yi mantuwa,
in auno dusar Goje, kwano biyu da rabi,
in tsaya da ita.