Yadi Biyar

Ran Asabar nakan rufe shagona a Agege,
in bar kaftanin wani ba hannu ɗaya,
in sa riga mai ratsin baƙi da fari,
in soke ƙyallen rawaya a ƙugu.
Ni na ɗinka shi da ragowar shadda,
na ƙulle masa tsakuwa don ya ji jifa.

A filin Surulere ƙwallon kamar gwanda take,
kwance cikin ciyawa, hannu ɗaya a kanta.
Ƙarti sun durƙusa, goshi na kallon goshi,
tsakaninsu ko kamu guda babu.
Wannan ɗan tsakanin shi ne amanata.

Ikko ba ta san jira ba.
Danfo na tashi ƙafarka ɗaya a ƙasa,
mai babur na kutsawa kafin danja ta saki.
Nan kaɗai na ga maza sun daskare
har sai ƙwallo ta motsa.

Saura minti biyu.
Ruwa ya ɗauke, laka ta kama takalma.
Mai jifa ya daka tsawar yaudara,
kafaɗar Akinola ta yi ɗar,
kamar fatar doki in ƙuda ya sauka.
A ɗaya gefen, hular Tobenna ta leƙo.

Wa ya riga wa?
Idan Tobenna ne ya tsallako, laifin nasa ne,
ya tsorata mai zaman lafiya.
Idan kafaɗar ce ta fara, to, ita ce.
Ido biyu gare ni, su ma na tela,
sun gaji da bin ramin allura.

Na busa usur. Ƙyalle ya tashi.
Yadi biyar baya, Akinola.

Yadi biyar! Riga da wando ke nan a shagona,
har da canjin aljihu.
Nan kuwa kofi ne ya suɓuce.
Kocinsu ya zage ni da Yarbanci,
na ji rabi, na gode Allah da rabin.
Akinola bai ce uffan ba,
ya dube ni kawai ta cikin wagar hularsa.

Dare ya same ni a gosulon Oshodi,
ƙyallen a aljihu, jiƙe da laka.
Na rufe ido: kafaɗa, hula.
Na sake rufewa: hula, kafaɗa.
In na ɓata ɗinki, nakan farke in sake.
Wannan ba ya farkuwa.

Kwandasta ya taɓo ni: Baba, kuɗin mota.
Na zabura tun bai rufe baki ba.