Leɓen Fiffike

A Garwa, bayan shagona na ɗinki,
Tasalla ta ari magwajina da alli.
Ba riga za ta yanka ba.
Jirgi ne, na tukurwa da kumfar kwalin firji,
tsawonsa bai wuce hannuna ba.

Ta ce, "Kawu, fiffike ke ɗaukar kaya,
amma leɓen da ke bayansa ke ba da umarni.
Faɗin fiffiken santimita ashirin.
Nawa zan ba leɓe?"

Na ce ba shi rabi, 'yar nan,
yalwar yadi ba ta ɓata riga.

Ran Lahadi, kan yashin Binuwai,
ta taɓa sandar tuƙi kamar mai taɓa ƙurji,
jirgi ya wuntsila, ya sake wuntsilawa,
ya kafa hanci gaban masu wanki.
Har yau suna gaishe ni da shi.

Ta koma ta aske leɓen siriri,
santimita biyu, kalmasar ɗankwali.
Ya tashi lafiya lau, ya nufi gada.
Ta kira shi hagu, ya yi kunnen ƙashi.
Ta kira shi dama, ko a jikinsa.
Mai kwalekwalen da ya tsamo shi
ya ce sai jika guda.

Kwana uku ba ta taɓa wuƙa ba.
Tana zuwa bayan mahauta
tana kallon shirwa:
yadda take murɗa wutsiya kaɗan,
kaɗan ƙwarai,
sai sama duka ta juya mata.

Daren Alhamis na ji tana lissafi a fili:
ɗaya bisa huɗu na faɗi, biyar ke nan,
tsawo rabin fiffike, daga can baki.
Leɓen wutsiya, ɗaya bisa uku.
Na tsaye a ɗan ƙara masa,
jirgin ba mai sauri ba ne,
iskar da ke isa gare shi ta gaji.

Ban sa baki ba.
Na dai yanko ƙyallen atamfa,
ragowar zanen wata amarya,
muka liƙa ya zama maɗauri.

Ya tashi. Ta ce hagu, ya kwanta a hankali
kamar mai gaida surukai,
ya zagayo ta kan masu wanki,
inuwarsa ta ratsa zannuwan da ke shanye.

Na duba hannuna,
babban yatsana na motsi shi kaɗai,
babu sanda a ƙarƙashinsa.

Magwajin har yanzu bai dawo ba.