Ramin da Deli Ya Haƙa

Kwana huɗu ruwa bai ɗauke ba a Mogode.
Ran na biyar rana ta leƙo,
na labta wa jakuna uku buhunan dankali,
zuciyata ta riga ni isa kasuwar Mokolo.

Deli bai ce uffan ba.
Ya tsaya a gindin gangare
yana kallon wani marke da ya sunkuya
kamar mai neman allura a ƙasa.
"Makon jiya a miƙe yake," in ji shi.

Ya zaro 'yar fartanya daga kafaɗa,
ya haƙa rami, kamu biyu da ɗoriya,
ya nuna min bangonsa
yadda mahauci ke nuna tsoka da kitse:
baƙar ƙasa a sama, ta dawa,
jan laka a ƙarƙashinta,
sai dutse, sumul, yana gumi.
Ya cusa yatsa tsakanin laka da dutse,
ya fito da shi jiƙe har gaɓa ta biyu.

"Nan zumunci ya yanke.
Abin da ke sama ba ya riƙe da komai,
zama kawai yake yi."

Na ce, ai rana ta fito.
Ya ce, fuska kawai ta shanya,
ciki na nan da ruwansa.

Muka ɗan hau.
Ga tsaga ta ratsa gonar wata tsohuwa,
faɗinta bai fi tafin hannu ba.
Ga katangar duwatsun da ke tare ƙasar gona
ta yi ciki kamar akuya mai wata biyar.
Idon ruwan da nake sha tun ina saurayi
yau ja yake fita, kamar an dama kunu.
Deli ya kara kunne a ƙasa.
Ni kuwa sai lissafi:
buhu shida, bashin Hamajoda,
da dankalin da ba ya jiran kowa.

Muka juya.

Ba zan ɓoye muku ba,
gangaren bai zafto ba.
Mutum bakwai suka bi ta nan da la'asar,
suka dawo da gishiri da dariya.
Ni na sayar ran Laraba ta gaba,
rabin kuɗi, buhu ɗaya ya ruɓe.

Na kai wa Deli ƙorafi har gida.
Yana gyaran ƙota, bai ɗago ba.
Ya ce, "Dutse bai yi alkawari da ni ba.
Ran da ya ɗauki Zra, wana,
ramin da muka haƙa
haka ya nuna, ba ƙari.
Shi ya wuce, ni na tsaya ɗaure takalmi."

Bana ma na bi ta wurin.
Marken yana nan a sunkuye,
bai sami allurarsa ba.
Na tsayar da jakuna.
Fartanya ce yanzu a cikin kayana.