Ranar Duba Takardu a Hull

Litinin, bakwai saura kwata,
iskar Humber na yankan kunne kamar aska.
Na jingine kekena a katangar masana'anta
inda muke ƙera fukafukan injin iska,
kowanne ya fi hasumiyar garinmu tsawo.

Bara waccan, an ce, wurin nan kufai ne,
tsuntsayen teku ke kashi a bakin ƙofa.
Sai kasuwa ta farfaɗo, aka kunna fitilu,
aka aika har Zariya ana cigiyar hannu.
Na zo da digiri biyu, jaka ɗaya,
da yajin da Inna ta ƙulle cikin leda uku.

Yau ake duba takardu.
Misis Pickering ta gyara tabarau,
ta ce in karanto mata lambata.
Harafi, lamba, harafi,
kamar mai biya hadda gaban malam.
Fuskata ta fito a kwamfuta:
wani ni, mai kumatu, da bai san sanyi ba tukuna.
Ta dube shi, ta dube ni.
Ta ce, kai ne?
Na ce, abin da ya rage.

Ba muguwa ba ce.
Ta koyi faɗin Tanimu ba tare da ta gutsure shi ba,
da azumi takan kai shayinta wani ɗakin.
Amma an ɗaga ma'aunin albashi,
nawa ya gaza da fam ɗari huɗu a shekara,
abin da bai kai hayar ɗakina ta wata guda ba.
Iyakar tazarar ke nan tsakanina da filin jirgi.
Biju ɗan Kerala ya faɗa wannan ramin a Afrilu,
kofinsa na nan kan kanta, ba mai taɓawa.

Ɗanta Callum a hannuna yake.
Shekara biyu ya yi a kujerar falo yana jiran kira.
Ni ke koya masa gano tsaga a jikin fiffike,
da na'ura, da tafin hannu kuma,
yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya saurara.
A tashar bas an rubuta mun ƙwace aikinsu.
A takarda an rubuta ƙasa na buƙatarmu.
Ni dai na san ranar da hannunsa ya faɗa
takardar za ta fara mantuwa da ni.
Ban rage masa komai ba.
Wanda ya koya min a Samaru bai rage min ba.

Baƙo raɓa ne, haka muka ji tun muna yara.
Ba a gaya mana raɓa na biyan haraji ba,
da kuɗin asibiti tun kafin ta yi tari.

Jiya Lantana ta bugo:
in sayar da keken ɗinkin, ko in dakata?
Yaran na tambaya ko dusar ƙanƙara tana da ɗanɗano.
Na ce dakata.
Wata goma sha ɗaya ke nan ina cewa dakata.

Misis Pickering ta danna wani abu.
Ta ce, har Maris, daga nan mu gani.
Ta ce za ta yi wa na sama magana,
idonta na kan allon, ba kaina ba.

A waje babbar mota na jan fiffiken da muka gama ran Juma'a,
'yan sanda gaba da baya, an tsayar masa da titi,
zai hau jirgin ruwa, ba mai tambayarsa lamba.
Callum ya ɗago hannu daga nesa:
zo ka ji wannan, kamar akwai tsaga.
Na sa safar hannu, na tafi.