Lahadi, Ƙarfe Uku, a Tudun Oruro

Shekara tara ke nan ina kaɗa ƙararrawa
a garin da iska ba ta cika ƙirji,
inda mahaƙa ke shiga cikin dutse tun duhu
su fito da kuza da tari.
Majami'ata benci shida ce da rufin kwano.
Ran da muka cika, mu goma sha ɗaya ne.
Hilarion Colque ya ƙirga mu, ya ƙyalƙyale:
"Fasto, ai mun isa shiga fili,
ɗan canji kawai muka rasa."

Yau kuwa mu uku ne:
ni, da Benedicta mai ciwon gwiwa, da karenta.
Saura suna can bayan tsohuwar tashar jirgi
suna fasa ganga saboda ƙungiyar
da rabonta da kofi
tun ba a haifi mai tsaron ragarta ba.
Na zo da wa'azi a kan gumaka,
shafi huɗu, da zafinsa,
har na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar "kishi".

To amma mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.
Jiya da hantsi na kulle ɗaki,
na bari a zaci addu'a nake,
na manna waya a kunne
ina bin ƙungiyar garinmu na bakin teku,
can inda ruwan sama ba ya hutu.
Minti tamanin da bakwai, aka ba mu
bugun daga kai sai mai tsaron gida.
Na durƙusa. Ya Ubangiji, kai shaida ne,
rabon da in roƙe ka da irin wannan rawar murya
tun daren da ramin ya rufta da mutum biyar.
Ƙwallon ta daki ƙarfe.
Kunyar ta fi zafi.

Ina da sha bakwai na je gwaji.
Kocin ya juya tafin hannuna kamar mai sayen kifi,
ya ce hannu ya yi, tsawo ne bai kai ba.
Babana bai ce uffan ba har gida.
Safar hannun tana nan a ƙasan akwati,
Littattafai Masu Tsarki sun danne ta.
Wani dare nakan tambaye ka:
kirana ka yi,
ko kuwa ƙofar da ta rage a buɗe na faɗa?
Ba ka taɓa hura usur a kan wannan ba.

Ina tsakiyar shafi na biyu
sai mayafin Benedicta ya yi ihu.
Ashe rediyo ce a ɓoye a ƙirjinta.
Ba ta ko sunkuyar da kai ba.
Ta ce, "Mijina ya mutu bai ga kofi ba.
Ni ma da wuya.
Amma wa zai zauna a kujerarsa?
Kai ba haka kake jiran naka ba?"

Na naɗe takardar.
Muka gangara, tana dogara kafaɗata,
safar tana aljihuna kamar kayan sata.
A hutun rabin lokaci na miƙa ta ta ragar waya
ga Nicanor, yaron da sanyi ya tsattsage wa yatsu.
Ta yi masa yawa.
An zura masa biyu duk da haka,
ta biyun ma ta tsakanin ƙafafu.

Ba wanda ya tashi.
Suka ci gaba da waƙa ga waɗanda aka ci,
har rana ta faɗa bayan tarin ƙasar rami.
Ni da na ƙetare teku don in koyar da bege
na tsaya a baya, ban iya baitin ba,
ina motsa baki kawai.

Benedicta ta yagi shafi na uku
ta ƙunshe mini gasasshen dankali.
Yana da ɗumi har gida.