Wa Zai Fara Wari?

Ƙarfe biyar da rabi a Valparaíso,
teku bai gama wanke fuska ba,
ni kuwa har na gaji.
Takardata na kan tebur, layi goma sha tara,
kowane layi na ɗaga hannu kamar ɗan aji:
ni tukuna, ni tukuna.

Kuɗin wuta. Rahoton ofis.
Takalmin Amaro da ya buɗe baki.
Famfon kicin mai hawaye tun Litinin.
Saƙo arba'in a waya, ba amsa.
Na dube su, suka dube ni,
shayi ya huce a tsakaninmu.

Na gangara tudu, matakala ɗari da ashirin,
zuwa bakin ruwa, inda gwaggona Eulalia
ta shekara talatin da ɗaya tana sayar da kifi.
Jiragen masunta sun shigo,
tsuntsaye na rigima kan kayan ciki.
Na miƙa mata takardar.
Ba ta karɓa ba, hannunta duk jini.
Ta ce in karanto. Na karanto.

Ta ce, "Ximena, kin jera su kamar tagwaye,
alhali ba ranar mutuwarsu ɗaya ba."

Ta nuna kwando da tsinin wuƙa.
"Ƙananan nan, kafin rana ta taɓa rufin can
sun juya. Su nake fara gyarawa.
Wannan ƙaton, in na binne shi a ƙanƙara
zai kai gobe bai ce uffan ba.
Busasshen da ke rataye kuwa,
ko Kirsimeti yana nan yana jirana.
Ban taɓa tambayar kifi wane ne babba ba,
ban kula da mai sayen da ya fi ɗaga murya ba.
Tambayata guda: wa zai fara wari?"

Ta juya ga aikinta. Karatu ya ƙare.

A hanyar komawa na jingina da bango,
na ciro biro.
Rahoto: ɗanye ne, kafin sha biyu.
Kuɗin wuta: ɗanye, amma minti uku ya ishe shi.
Takalmi: ƙanƙara.
Saƙonni arba'in, da na shinshina su,
talatin da shida busassu ne.
Wasu layukan ma ba kifi ba ne,
ciyawar ruwa ce ta maƙale a koma,
na mayar wa teku abinsa.

A ofis na kife waya cikin aljihun tebur,
ta yi ta gurnani, ban tanka ba.
Abu ɗaya a gabana, wuƙa ɗaya a hannu.
Sha ɗaya da kwata na ɗiga aya.

Sai idona ya faɗa ƙasan takarda,
layi na goma sha tara, rubutu ƙanana,
wanda nake kwafewa daga jeri zuwa jeri
yau mako bakwai:
je ki ga Baba a Quilpué.

Na ɗauke shi busasshe
don bai taɓa yi mini ihu ba.
Ba ya kira, ba ya aiko da takardar gargaɗi,
yana zaune ƙarƙashin itacen lemo,
sunaye na zuba daga kansa ɗaya bayan ɗaya
kamar ruwa daga ƙanƙarar gwaggo.

Jirgin ƙasa na ƙarfe biyu ya same ni a tasha.

Ya daɗe yana kallona a bakin ƙofa,
leɓensa na laluben wani abu.
Zuciyata ta tsaya da ƙafa ɗaya.
Can ya ce, "Ximena. Kin rame."
Yau dai sunan bai narke ba.

Na dawo da dare, takalmin Amaro na dariya har yanzu,
famfo na ci gaba da hawayensa.
Na tara masa kwano.
Ya yi kukansa, zai kai gobe.